Rudun da Na Yi wa Dibidin Innarki

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da murna ta hana shi zama wuri ɗaya tun da aka sa ranar nan. Allah ya sa takardata ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki Maiyama lafiya, ya tsare motar da ta ɗauke ki da wadda ta ɗauki kayanki, ya sa ƙafar da za ki taka ɗakinki da ita ta alheri ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. To ya zan yi? Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Kunya biyu ke nan a kaina. Shekara ashirin da wani abu, hirarmu ba ta wuce "an ci abinci?" da "Allah ya yi albarka". Amma takarda ba ta da ido, saboda haka yau zan saki baki. Wallahi ina murna! Jiya a wurin lodin albasa sai da na gaya wa mutum ya fi goma cewa 'yata ungozoma ce mai takardar shaida, kuma ta samu mijin da ita ta ce tana so. Har da wani direba da bai san ni ba, shi ma sai da ya ji.

Nasiha kan haƙuri da biyayya kuwa, goggonninki sun yi miki har kunnenki ya yi zafi. Ni tawa daban ce. A cikin motar kayanki, bayan katifa, akwai wata kanta ta katako mai hawa huɗu, da wani kwali da na ɗaure da igiya. Cikin kwalin akwai tsohon dibidin gidan nan da faifan walimar saukarki. Kin san abin da ke cikin faifan nan. Duk duniya nan kaɗai fuskar Innarki ke motsi, nan kaɗai muryarta ta rage. Na kai shi Jega wurin masu kwamfuta su juye shi a waya, suka gwada suka gwada, ya ƙi, suka ce ya karce da yawa. Babu na'urar da ke karanta shi sai wannan tsohon dibidin, kamar sun saba da juna. Ranar da dibidin nan ya ƙone, ranar Innarki za ta yi shiru. Na ba ki su duka biyun, kuma wannan takarda tun daga farko har ƙarshe roƙo ce kada ki bari zafi ya kashe shi.

Bari in ba ki labarin wautata, don kada ki ce tsoho ya rasa abin yi.

Shekarar da albasa ta yi mana kyau, kina ƙarama, na je Jega na sayo talabijin da risiba mai kamo tashoshi da dibidi da sitabilaiza mai daidaita wuta a rana ɗaya. Ban tsaya nan ba, na haɗo da wani sho-gilas mai ƙofa biyu da madubi a ciki da ɗan makulli. Na ɗora talabijin a sama, na cusa sauran ukun a ciki, na kulle, na jefa makulli aljihu. Abin da ya fi burge ni shi ne rimot yana aiki ta cikin gilashi. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Innarki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Malam, abin ga hwa lumfashi shikai. In ka ruhe shi mutuwa za shi yi." Na ce mata, "Ke da kika taso Alelu, yaushe kika san talabijin?" Ta yi murmushin nan nata, ta koma madafa.

Ranar sallah kawunnanki suka zo daga Alelu, su biyar. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da kaza ke buɗe baki. Na tayar da janareto tun hantsi, na zaunar da su a kan darduma, ina hura hanci. Bayan azahar sai wani ƙauri ya fara tashi. Na ɗaga murya yadda surukai za su ji ni mai gida ne, na ce, "Wa ke ƙona tuwo a gidan nan?" Innarki ta amsa daga waje, a hankali, "Ba mu aza tukunya ba tukuna, Malam." Kafin in juyo gilashin ya cika da hayaƙi. Na laluba aljihu, ashe makullin yana cikin rigar da na je idi da ita. Babban kawunki ne ya zare filogi, ni kuwa ina tsaye ina salati. Risiba da sitabilaiza suka tafi. Dibidin ne kaɗai ya tsira, don yana can ƙasa. Har yau in na je Alelu ta'aziyya sai wani ya tambaye ni ko tuwon ya nuna.

Saboda haka abu na farko, Uwata, kada ki kulle kayan wuta a cikin gilashi, komai kyansa. Gilashi na kwanuka ne da tangaran, su ba sa zufa.

Washegarin sallah na kwashi gawarwakin na kai wa wani mai gyara a Jega, Malam Ummaru, dattijo mai ƙaramin shago da babban baki. Ya buɗe risibar, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kai ba mutumen Aliero na ba?" Na ce shi ne. Ya ce, "Mi kaka nomawa?" Na ce albasa. Ya ce, "To hwaɗa mani, ka taɓa zuba albasa cikin akwati ka ruhe, ka ce ta kai damana?" Na ce haba, wane mahaukaci! Ya ce, "To ga ya nan zaune gabana."

Na ji haushi, amma a mota ina dawowa maganar ta zauna mini. Ke kin san rudu, kin taso kina wasa a ƙarƙashinsa. Mu kafa 'yan sanduna, mu ɗaga shi daga ƙasa, mu shimfiɗa kara da tazara, mu zuba albasa ba mu danne ta ba, mu yi mata inuwar ciyawa a sama. Iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Kuma kowace safiya ina cusa hannu cikin albasar, in na ji ɗumi na san ruɓa ta kama, sai in baza ta. Tun ina yaro nake wannan aikin. Amma da na sayi abin da ya zo a kwali da rubutun Turanci, sai na ajiye hankalina a gona na shigo ɗaki babu shi.

Kada ki ɗauka daga nan na shiryu. Ubanki ba ya jin magana a karo ɗaya. Na cire ƙofofin sho-gilas ɗin, na ce ai ga iska. Sai na jingina shi da bangon yamma, wanda rana ke gasawa tun daga azahar har magariba, na manna shi da bangon kamar an liƙa. Sabuwar risibar ta riƙa ɗaukewa da la'asar, kullum daidai lokacin labarai. Wata uku ina zagin masu tashar. Ranar da na sa bayan hannuna a bangon nan, sai na janye da sauri, na duba ko wani ya gan ni. In kin shiga ɗakinki, kafin a kafa komai, ki jira la'asar ta yi, ki bi bangon huɗu da bayan hannunki. Wanda ya fi sanyi nan kantar za ta tsaya. Ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Kuma kada ki ce tunda iska ake nema bari a sa ta ƙarƙashin taga, don na gwada wannan ma, ruwan farkon damina ya ba ni amsa.

Sai maganar wayoyi. A da bayan talabijin ɗinmu kamar an zubar da taliya. Kin tuna shekarar da rumbu ya cika, na shigo da buhun gero biyu na ajiye a lungun nan? Ɓeraye suka samu gero, suka samu ɗumi, suka samu waya ta goge haƙori, suka tare da iyalansu. Ranar da na zo gyarawa na rasa wace waya ce ta wa, na zare wannan na soka waccan, har na ji wani tas! Yanzu in kin duba za ki ga kowace waya na ɗaura mata ƙyalle. Ja na talabijin, kore na risiba, shuɗi na dibidi. Shuɗin daga tsohon zanen Innarki na yage, wanda take zuwa asibiti da shi. Na buga ƙusoshi a ƙafar baya ta kantar, ki naɗe rarar kowace waya ki rataye a tata ƙusar, kada ko ɗaya ta kwanta a ƙasa. Abinci kuma, ko ƙuli-ƙuli ne, kada ya kwana a kan kantar nan. In hadari ya haɗo, ko aka ɗauke wuta, ki zare filogi, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ba ta sallama.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Faifan walimarki biyu ne mai ɗaukar hoton ya ba mu. Kin sha tambayar ƙannenki ina ɗayan ya shiga, ina ji, ina yin kamar ban ji ba. Ni na kashe shi. Bayan rasuwar Innarki da 'yan watanni, wata safiya kun tafi makaranta, na kunna shi ni kaɗai. Ina cikin kallo na ji sallama a zaure. Kunya ta kama ni, kada a ce Malam ya zauna yana kallon matarsa yana share ido. Na yi maza na cire faifan, na ɗora a kan risiba, na jawo mayafi na lulluɓe su duka, ban ko kashe wutar ba. Baƙon ya ja ni zuwa fadama, ban dawo ba sai bayan la'asar. Da na ɗaga mayafin, faifan ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Na danne shi da littafi, na danne shi da turmi, bai miƙe ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sai na tuna maganarta ta bakin ƙofa, na ce yau ga shi na rufe, kuma ya mutu.

Don haka kada ki rufa wa kayan nan komai suna kunne, ko leshi ne mai ramuka. In kin kashe, ki bari su huce, ki taɓa ki ji, sannan ki yafa musu ƙyalle saboda ƙura. Kada ki ɗora wani a kan wani. Faifan kuma ba ya kwana a cikin dibidi, ba ya hawa kan komai. Na yi masa ɗan aljihu na katako a gefen hawan ƙasa, ki mayar da shi rigarsa ki tsayar da shi a ciki. Kuma in kewarta ta kama ki, ki kalla a fili, ko wa ya yi sallama. Ɓoyon da na yi ne ya jawo mini.

To, kantar! Nan ne nake so ki ga ubanki. Na je wurin kafintoci na ji abin da suke faɗa a kan irin ta zamani, na ce a'a, ba da ni ba. Na wuce wurin lodi, inda ake zubar da karyayyun katakan bodin manyan motoci, na zaɓo masu lafiya, masu motar har godiya suka yi mini na rage musu shara. Na kankare su, na goge da yashi har suka yi santsi, na shanya su sati biyu don warin albasa ya fita. Bai fita duka ba, ki yi haƙuri, in kin shinshina kin tuna gida. Wani maƙeri abokina a Jiga Makera ya lanƙwasa mini 'yan ƙarafa na kusurwa. Sauran kuwa zarto ne da ƙusa da yatsana guda da na daka da guduma.

Ki dube ta da kyau, rudu ce sak. Ba ta da baya, ba ta da ƙofa. Kowane hawa sanduna ne a jere da tazarar yatsa biyu, iska na bi ta ƙasa ta fita ta sama. Ƙafafunta sun ɗaga taƙi guda, tsintsiya za ta shiga, in ruwa ya malalo kuma ba zai kai ga komai ba. Talabijin a can sama. Sitabilaiza a hawa na biyu shi kaɗai, don shi ne mai zafin rai a cikinsu. Risiba a na uku. Dibidin Innarki a na ƙasa, inda ya fi sanyi. Na gwada ta kwana bakwai a ɗakina da tsakar rana, ina cusa hannu kamar yadda nake wa albasa, wallahi ko ɗumi! Na kira maƙwabcinmu ya taɓa, shi ma ya ce a yi masa irinta. Har na fara tunanin ko in bar noma.

Saura babbar matsalar, wato Goggonki Hajo. Ƙanwata ce, ina son ta, amma kin san ta. Ita za ta jagoranci jere, kuma ta riga ta sayo miki sho-gilas, ya fi wanda ya kunyata ni girma, har da fitilu a ciki. Da ta ga ana ɗora kantata a mota sai ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, wagga aba ta miya? Ɗiyarmu za a kai gidan miji da katakon mota? Dangin miji su yi muna dariya? Wallahi ba ta shiga ɗakin ga, madahi za ta!" Na ce mata ta kayan wuta ce. Ta ce, "Kayan wuta cikin gilashi za su, a ruhe, a aza leshi, kowa shi gani shi yaba." Na buɗe baki zan yi gardama, ta ce jere ba na maza ba ne. Kuma gaskiyarta, ba ni da ƙafar shiga ɗakin nan ranar.

Ke ce kaɗai za ki iya. Na san amarya ba ta magana ranar jere, kanta a ƙasa yake. Ban ce ki yi musu da goggonki a gaban mutane ba, Allah ya kiyaye. Ki bar ta ta jera kwanukanta a gilashinta, ki yaba, don da zuciya ɗaya ta saya. Amma kwalin nan mai igiya ki ce amanar Baba ce, kada a kwance. In sun matsa sun saka sauran kayan a gilashi, ki bari, kawai kada a kunna komai. Idan 'yan biki sun watse, ke da maigidanki ku ɗauko kantar daga duk inda aka jefa ta. Na lura da shi ranar da ya zo gaisuwa, ya ga ina goge katako, bai yi dariya ba, ya tambaye ni dalilin tazarar. Yaron yana da hankali. In Hajo ta dawo ganin ɗaki ta yi faɗa, ki ce ta zo ta same ni, na saba da bakinta tun tana rarrafe.

Ƙila ki ce, in abin yana da tsada haka a wurina, me ya sa na rabu da shi? Na daɗe ina juya wannan. Ƙannenki sun samu Innarki yadda ba ki same ta ba. Su ta kira sunansu, ta goya su a gaban kowa, ta yi musu wasa. Ke kuwa kunyar 'yar fari ta sa ko kallonki ba ta yi in da mutane, "ke" ce da "yarinyar nan" har ta koma ga Allah. Na san abin ya taɓa cin ranki, na gani a fuskarki ba sau ɗaya ba.

Ku kullum in kun kunna faifan, kuna kashewa da an gama rabon abinci, don daga nan hoton yake fara tsalle. Ki daure ki bar shi ya wuce wurin. Zai tsaya kamar ya mutu, kada ki taɓa, ki ƙirga goma, zai ci gaba. Mai ɗaukar hoton ya manta bai kashe na'urarsa ba. Za ki ga mata sun yanyame ki a tsakar gida, kina cikin babban hijabi, zafi ya sa kin fara layi. Sai ki ga wata ta ratso su da gudu, ta ture har da yayata, ta fizge hijabin tana yi miki fifita da bakin zanenta. Ki ƙara murya a nan. Za ki ji ta ce, "Ku ja baya! Ku ba Lubana iska!" A gaban surukanta, a gaban kowa. Sai ta ankara, ta rufe baki da hannu, ta ruga ɗaki.

Wurin nan nake kallo ranar da aka yi sallama a zaure. Wannan faifan da ya rage ma na mayar da shi baya ya fi a ƙirga, ina jin ma ni na karce shi. Ban taɓa nuna miki ba don ban san yadda zan zauna kusa da ke a ji wannan ba. Naki ne, ba nawa ba, na riƙe miki shi ya isa haka.

In kun kafa kantar, kin bi bango da bayan hannu, kin rataye wayoyi, ki kunna. Idan ya kai wurin, ki kira ni, ki kara wayar a jikin lasifika. Ba sai kin ce komai ba, ni ma ba zan ce ba. In na ji, na san rudun ya yi aikinsa.

Allah ya tsare ki a hanya da gida da wurin aiki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga duk matar da ta zo gabanki. Allah ya zaunar da ku lafiya ke da maigidanki, ya kare ɗakinku daga wuta da ruwa da mugun ido, ya jiƙan Innarki ya haskaka kabarinta.

Ita ta fi ni ƙarfin hali, ta faɗa da baki a gaban jama'a. Ni shekara ashirin da wani abu ina kewaye-kewaye. Na duba, babu kowa a zaure, ƙannenki sun fita. Bari in gwada ko da alƙalami ne.

Lubabatu.

Ga shi na rubuta. Sauka lafiya, Lubabatu.

Ni ne mahaifinki,
daga Aliero.